Injiniya Ya Danne Min Falle Bakwai

Masu turo min saƙo kuna cewa na cika raina mutane, yau ku gyara zama ku karanta har ƙasa, sannan ku yanke min hukunci. Ni dai na san ba haka kawai nake taɓe baki ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, na gama karatu, sana'ata yankan takarda. Ku yi dariyarku, Goggona ta riga ku. Takarda mai kauri nake samu in yi zane a kai, in bi zanen da wata 'yar wuƙa mai kama da alƙalami. Hoto ɗaya sai ya ci falle biyar ko bakwai, kowane falle da abin da ke jikinsa. Sai in jera su ɗaya bayan ɗaya a cikin akwatin katako mai zurfi, in sa siririn soso tsakanin falle da falle don kada su taɓa juna, in rufe fuskar da gilashi. Wannan 'yar tazarar ita ce aikin gaba ɗaya. Ita ke sa na gaba ya jefa inuwa a kan na baya, har mai kallo ya ji kamar ya zura hannu ciki.

Sai kuma Injiniya. Ɗan ƙawar Goggo ne, wata huɗu ke nan yana zuwa wurina. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba shi da muni. Dogo ne, kullum cikin farar riga mai dogon hannu da ta sha guga, biro uku a aljihun gaba, ga ɗan tef ɗin awo rataye da makullin motarsa. Ciwonsa ɗaya: bai taɓa ganin abu ya bar shi yadda ya same shi ba. Zuwansa na farko ya sauke agogon bangon falonmu ya ce ya karkace. Zuwa na biyu ya juya mana kujeru, wai iska ba ta zagayawa. Zuwa na uku ya karɓi wayata ya jera min abubuwan da ke fuskarta, kwana biyu ina neman inda ya kai kyamara. A wayar tawa na ajiye lambarsa da suna "Ba A Tambaye Ka Ba."

Umma kuwa ta mutu a kansa.

"Yaro mai hankali, mai hannu," in ji ta. "Ke Auta me kike jira ne? Wata huɗu mutum yana ƙona mai. Kafin watan nan ya mutu ki ba shi amsa, na gaji da kunyar Goggonku."

Abba in ya ji an ɗauko zancen sai ya ce, "Ba mai yi miki dole, maganarki ce," ya ɗaga jarida ya rufe fuska. Daga nan ba ka sake jin duriyarsa sai tari.

Ni a lokacin ba ta Injiniya nake ba. Akwai wata Anti mai shagon kayan kyauta a babban ginin kantunan nan mai hawa uku, irin shagon da kana shiga sanyi da ƙamshi su tare ka. Ta ga hotunan aikina a shafina ta kira ni. Ta ce tana da kantar jera kaya guda a bakin ƙofa da ba kowa a kai, mutum uku suna nemanta, amma za ta zo gidanmu ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya ta ga aikin da idonta. In ya yi mata, kantar tawa ce. Ku gane, shekara uku ina yanka a kan teburin cin abincinmu, ana ce min in kwashe tarkacena za a zuba abinci. Wannan kantar ita ce karo na farko da wani zai kira abin nan sana'a ba wasa ba.

Sati shida na yi a kan abin da zan nuna mata. Layin gidanmu na yanka, falle bakwai. Na gaba ƙofar gida ce a buɗe. Bayanta igiyar shanya da zannuwan gado. Sai bishiyar tsakar gida, ganye ɗaya-ɗaya na fitar da su har yatsana ya yi kanta. Falle na huɗu taga ce da mace a tsaye tana leƙe. Sai rufin gidajen maƙwabta, sai wayoyin lantarki da tsuntsaye tara a kai, sai sararin sama. Matar nan ta taga ita ce abin alfaharina. In ka tsaya gaba da gaba ba ka ganinta, shanya ta kare ta. Sai ka ɗan matsa gefe ka karkata kai, sannan ta bayyana ta bayan zanin gado. Duk wanda na nuna wa sai ya yi murmushi a daidai nan.

Ranar Juma'a da rana na ga ɗan karce a gilashin. Ƙarami ne, amma idona ya ƙi barinsa. Na zare gilashin na tafi wurin mai yankan gilashi a ƙarshen titi, na bar akwatin a kan teburi na lulluɓe da tsohon mayafina. Awa ɗaya da rabi na yi, don na tarar da layi.

Na dawo na samu mayafin a ninke tsaf a kan kujera. Teburi wayam.

"Umma, ina akwatina?"

Tana kicin tana goge kofuna, ko juyowa ba ta yi ba. "Yana hannu nagari."

"Hannun wa?"

"Injiniya ya biyo. Ya ɗaga ya girgiza ya ji abu na motsi a ciki, ya ce ba za a nuna wa baƙuwa abu yana kaɗawa ba. Ya tafi da shi a gyara."

Ya girgiza. Jama'a, ya girgiza.

"Umma, wa ya ce masa ya lalace?"

"To uwar 'yan tsiwa. Mutum ya ga abinki ya damu da shi, laifi ne? Wasu ma nema suke a kula da su."

Na shige ɗaki na kira shi. Sau shida, bai ɗauka ba. Na rubuta:

"Don Allah ka dawo min da akwatina yanzu. Kada a taɓa komai a ciki."

Minti goma sai ga amsa: "Ranki ya daɗe, kwantar da hankalinki. Gobe za ki gode min." Da hoton fuska mai kashe ido ɗaya.

"Ba gyara yake so ba. Haka aka yi shi."

"Na gani ai. Kin yi ƙoƙari sosai. Ƙarasawa kawai ya rage, wannan kuma fanninmu ne."

Fanninsu. Mutumin da aikinsa bututun ruwa. Na sake kira, wayar a kashe. Ban san gidansu ba, ban san inda ya kai ba. Na roƙi Umma ta kira Goggo ta karɓo min lambar mahaifiyarsa, ta ce in rufa mata asiri kada in kunyata ta a kan takarda.

Asabar tun da safe na share falo, na goge teburi, na ajiye sabon gilashin a gefe. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, na yafa farin mayafi, ban shafa komai ba sai kwalli. Ƙarfe tara Goggo ta iso, ba wanda ya gayyace ta. Ta ci ado kamar ita za a zo gani, warwaro har gwiwar hannu, jakarta mai sarƙa tana ƙara duk inda ta juya.

"Ina mai yankan takardar? Na ji yau za a zo a ba ki sarauta."

Na gaishe ta na ci gaba da gyara teburi.

Sha ɗaya saura kwata motarsa ta tsaya. Ya shigo da sallama, turarensa ya riga shi. A hannun dama wani abu ne a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, har da kintinkiri ja. Tun daga kaurin abin na san akwai matsala. Akwatina kaurinsa ya kai faɗin tafin hannu. Wannan kuwa bai fi littafin rubutu ba.

Ya durƙusa ya gaida su Umma, ya miƙe ya ɗora abin a teburi. "Bismillah, buɗe da hannunki."

Na buɗe.

Firam ne ruwan zinare, mai furanni a kusurwa huɗu, irin wanda ake sa takardar shaidar gama makaranta. A ciki ga layin gidanmu a kwance shame-shame. An cire soso, an tara falle bakwai an danne su wuri ɗaya, an bi su da ledar nan mai zafi da ake liƙe katin shaida da ita. Sai sheƙi yake. Ba inuwa ko ɗaya. Ganyen bishiyar sun manne da rufin gidaje, tsuntsaye biyu sun naɗe a ƙarƙashin leda, zafi ya sa farar takardar ta yi ɗan rawaya a gefe.

Ya miƙo min baƙar leda da hannun hagu. "Ga katakonki. Ga kuma tarkacen da muka tarar a ciki, soso ne birjik, na ce ko kina da amfaninsu. Abokina mai shagon buga hotuna ya yi aikin, sai da ya ajiye na mutane. Kin ga yanzu ko a ruwa ya faɗa ba abin da zai same shi. Wancan kuwa duk wurin banza ne a ciki, na auna, kashi tara cikin goma iska ce."

"Masha Allah," in ji Goggo. "Yanzu ya zama abin ratayewa. Da kam kamar akwatin kiwon zomo."

Na ɗaga firam ɗin na karkata shi dama. Na karkata hagu. Na san ba zan gan ta ba, amma hannuna bai daina juyawa ba. Zanin gado ya kwanta a kan tagar, leda ta rufe su tare.

"Ana iya ɓare ledar?" Muryata ce, amma kamar ta wata.

Ya yi dariya. "Ina. Ai amfaninta ke nan. Har abada."

"Akwai mace a nan."

"Mace?" Ya sunkuyo ya duba, har da ɗaga gira. "Ban ga mace ba."

"Ba za ka gan ta ba." Na juya wurin Umma. "Ke ce a tagar, Umma. Yadda kike tsayawa in na yi yamma ban dawo ba. Har ɗaurin ɗankwalinki na fitar, kwana uku na yi a kansa. So nake sai Anti ta karɓa in nuna miki."

Umma ta matso kusa. Ta kalli firam ɗin, ta kalli ledar soso, sai ta hau gyara zaman tiren kofuna da ba abin da ya same shi.

Injiniya kuwa ko a jikinsa. "To ai da kin faɗa da an sa ta a gaba. Kuskuren tsari ne, abu mai muhimmanci ba a ɓoye shi a baya. Nan gaba kafin ki yanka ki turo min in duba."

Wallahi na tsani mutumin nan a wannan minti, tsana mai sanyi wadda ba ta ko sa ka ɗaga murya. Ina tunanin kalmar da zan fara da ita aka buga ƙofa.

Anti mai shago ce. Gajera, tabarau a saman goshi, waya biyu a hannu ɗaya, makulli a ɗaya. Daga ganin tafiyarta ka san minti goma ta ware mana. Aka gaisa, ta ƙi zama, ta ƙi lemo.

"Ina aikin?"

Na buɗe baki zan ce an samu matsala, ta ba ni sati biyu. Injiniya ya riga ni. Ya ɗauki firam ɗin ya miƙa mata da hannu biyu.

Na sunkuyar da kai ina jiran ta ce wannan wane irin shirme ne. Har na fara jin daɗin yadda fuskarsa za ta koma. Na ce yau mai ido ta zo, yau za a gaya masa abin da ni aka hana ni faɗa.

Ta sauke tabarau. Ta juya bayansa, ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa ledar da farce.

"Wannan ai ya fi abin da na zata," ta ce. "A hoto na ga kamar mai kauri ne, har ina tunanin guda nawa kantar za ta ɗauka. Irin wannan ashirin za su hau. Ba ya fashewa, mai saye ya jefa a jaka ya wuce. Ina son ashirin kafin ƙarshen wata."

Goggo ta tafa hannu, warwaro suka amsa. Injiniya ya gyara tsayuwa ya taɓa birukan aljihunsa. Ni kuwa, da na gama raina shi, ashe da sauran raini a jikina, sai na juye shi a kan Anti. Shagon sanyi da ƙamshi, ashe idon mai sayar da faranti ne da ita.

"Ashirin ba matsala," in ji shi. "Za mu iya."

Za mu. Ta juya gare shi gaba ɗaya, ta ba ni kafaɗa. "Kai ne mai kula da harkar? Ba ni lambarka."

Ya fara karanto mata. Ina tsaye a falon gidanmu, da kantar yatsana da ciwon wuyana na sati shida, ana cinikin aikina ta saman kaina. Kuma ku ji gaskiya, don na yi alkawarin ba zan ɓoye muku ba: na so in yi shiru. Kantar nan na so ta kamar me. Zuciyata ta ce ke Auta, karɓi, in kin shiga daga baya kya nuna mata na gaske. Amma na san ƙarya nake wa kaina. In na shiga da wannan, wannan za a san ni da shi, kuma duk wanda na yanka sai ya bi ta hannun Injiniya da ledarsa.

"Anti," na ce, "wannan ba aikina ba ne."

Ta dakata da danna waya. "Ban gane ba."

"Nawa mai zurfi ne, a cikin akwati. Wannan lalata shi aka yi jiya ba da sanina ba. In za ki ba ni sati biyu in yi miki na gaske, na gode. Irin wannan kam ba zan yi ko ɗaya ba."

"Auta," in ji Umma a hankali.

Anti ta dube ni sama da ƙasa. Ba ta yi fushi ba, wanda ya fi ciwo. "'Yata, ni kanta nake cikawa, ba gidan kallo na buɗe ba. Mai kaurin nan guda huɗu zai cinye min wuri. In kin sauya shawara kafin Litinin, kin san lambata." Ta ajiye firam ɗin, ta yi wa su Umma sallama. Injiniya ya bi ta da sauri wai zai raka ta mota.

Ƙofa na rufuwa Goggo ta sauke min kwandon masifa.

"Kin ga irinta ko? Arziki ya zo har falo kin sa ƙafa kin shure. Yaro ya fitar da ke kunya, ko na gode babu. Wa zai zauna da mace mai wannan kai? Takarda ce fa, takarda. Ko a bakin titi ana tsintar ta."

"Goggo, in na ɗauki warwaronki na kai aka narkar aka yi miki cokali, kya gode min? Cokali ai ya fi amfani."

"Ji min 'ya. Ni kike gaya wa haka?"

Abba ya yi tari daga bayan jarida. Na jira ko magana za ta biyo baya. Ba ta biyo ba.

Na kwashi baƙar ledar na shige ɗaki. Na zazzage soson a kan gado, guda hamsin da wani abu, kowanne da ɗan gutsuren takarda a jikinsa inda aka fizge shi. A nan kukan ya zo, ba zan ɓoye ba. Ina cikin yi Umma ta turo ƙofa. Ta tsaya riƙe da firam ɗin, ta kai shi wajen taga tana ɗaga shi a haske, tana karkatawa yadda ta ga na yi.

"Ta wane gefen nake?" ta ce.

Na nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana kallon zanin gadon. Sai ta ce, "Ni dai da kin yi haƙuri da shi. Bai sani ba ne." Ta fita da firam ɗin a ƙirjinta.

Bai sani ba. Na ce to, wataƙila. Jahilci ba mugunta ba ne, garin neman gira ne aka rasa ido. Har na fara lissafin ko in kira Anti ranar Litinin in roƙe ta ta bar min ko kusurwar kantar, akwati ɗaya tak, ta ga yadda mutane za su tsaya a gabansa.

La'asar ta yi ina wanke fuska wayata ta yi ƙara. Anti ce.

"'Yata, mun gama magana da maigidan naki a mota. Ya ce kada in damu, abokinsa ya ɗauki hoton zanen a na'ura tun kafin su liƙe, za su buga ashirin ɗin kai tsaye ba sai an yanka ba. Ya ce ke ma kin amince, fushi ne kawai. Na ba shi kantar. Wane suna za a rubuta a jiki, naki ko nasa?"

Na karanta sau uku. Tun jiya ke nan. Tun kafin ya naɗe shi da jan kintinkiri, tun kafin ya ce in buɗe da hannuna.

Na goge fuskata da gefen mayafi. Na nemo "Ba A Tambaye Ka Ba" na danna. Jiya sau shida na kira bai ɗauka ba. Yau bugu ɗaya ya ɗauka, muryarsa har da dariya a ciki.

"Ranki ya daɗe," ya ce. "Na san za ki huce."